Muryar Buasai a Motar Majigi

Bangkok, watan Nuwamba, 1972

Yaya Prayun,

Na haɗa hannuwa na durƙusa ina gaida Inna, sannan ina gaishe ka. Ina fatan ruwa ya janye daga hanyoyi, motar majigi ta fara fita ƙauyuka. Ni lafiyata ƙalau, sai mura da ta ƙi sakina tun da na zo, saboda sanyin da suke hurawa a cikin silimar nan. Yaya idon Inna? Kana ɗiga mata maganin, ko ka bar shi a aljihun mota yadda ka saba?

Bari in faɗa maka tun kafin ka ji a bakin wani. Aikin murya da aka yi mini alkawari bai samu ba tukuna. Kamfanin nan yana da gidajen silima ko'ina a birni, har da wasu garuruwa, amma ko ɗaya babu mai teburin 'yan murya a gefen inji irin namu, masu yi wa fim magana da bakinsu yana tafiya. Finafinansu da maganarsu suke zuwa, an riga an naɗe ta a wani ɗaki can babban ofis. Manaja ya ce in jira, za a kira ni gwaji. Kafin nan an ba ni riga mai maɓallan ƙarfe da tocila, ina nuna wa mutane kujerunsu. Ni da nake sa ƙauye guda kuka da bakina, yanzu abin da nake faɗa tun safe har a tashi shi ne, "Ga wurinka nan, yallaɓai," shi ma a raɗa.

Mutanen nan ba su iya kallo ba, Yaya. Ba mai zagin mugu, ba mai yi wa jaruma ihu ta waiga bayanta. Shiru suke shiga, shiru suke fita. Jiya jaruma tana kukan rabuwa da ɗanta, wadda ta yi mata murya kuwa kamar tana karanta farashin gishiri. Ban san lokacin da na fara gyara mata a ƙasan maƙoshi ba, sai da wani mai ɗaure da taye a wuya ya juyo ya ce in yi wa mutane shiru.

Ɗakinmu mu huɗu ne, amma sauran ukun a masaƙa suke aiki, in na dawo sun fita, in na fita sun dawo. Tabarminsu kawai na sani. Shinkafar garin nan ba ta dunƙuluwa a hannu, kwaɗon gwandarsu kuma sukari ne zalla, ko ƙamshin daddawar kifi babu. Ni kaɗai nake cin abincina a bayan silima, kusa da inda ake zubar da guntayen tikiti. Kewa tana damuna, ba zan ɓoye maka ba.

To wa ke yi maka muryar mata yanzu? Kada ka ce mini 'yar gidan mai facin taya ka ɗauko, wadda in ta yi magana agwagi ke amsawa. Ka aiko amsa ta adireshin silimar.

Ƙanwarka,
Buasai

Selaphum, watan Disamba

Ƙanwata Buasai,

Inna tana sa miki albarka, ni ma ina gaishe ki. Takardarki ta jima a shagon kamfanin maganin da muke yi wa talla a Roi Et kafin mu koma ɗaukar kaya in same ta. Lafiyarmu lau. Maganin ido kuwa ina ɗigawa, ki daina yi mini sharri, sai dai idon ne ya ƙi. Yanzu hasken allo kawai take gani, ba ta rarrabe mutum da doki. Mantuwa ma ta ɗan ƙaru. Goggo da ke zama da ita ta koma wurin ɗanta a Udon, don haka tare muke yawo. In mun kafa ƙyallen majigi a filin haikali, sai in shimfiɗa mata tabarma a gindin sandar lasifika, ta ajiye farantin gyaɗarta, tana sayarwa da laluɓe. Har yau ba wanda ya iya cutarta ko na sisi.

Kin ce kada in ɗauko 'yar mai faci. Na ɗauko ta. Daren farko, jarumi ya riƙe hannun jaruma, na ce mata cikin muryata ta ƙasaita, "Ki aure ni." Yarinyar nan ta dubi gashin bakina ta fashe da dariya a cikin makirufo, ta kasa dainawa, ta tashi ta gudu bayan mota. Ga fim yana tafiya, ga bakin jaruma yana motsi, ga ƙauye guda ya zuba kunne. Me zan yi? Na matse maƙogwaro na amsa wa kaina.

Abin da na gano a daren nan shi ne, duk duniya hanya ɗaya na sani da mace ke magana, ita ce taki. Wannan 'yar dariyar ta hanci da kike yi kafin ki wanke jarumi tas, da yadda kike jan kalmar ƙarshe in za ki yi kuka, duk suna cikin kunnena ban sani ba. Yanzu ni ne jarumi, ni ne mugu, ni ne jaruma, ni ne uwar mijinta. In aka zo wurin faɗa sai in yi ta zagin kaina ina ramawa, har direba ya ce wata rana zan saki kaina.

A Ban Kham da na tsayar da fim daidai inda ɓarayi suka kewaye gidan, na ce ba za a ci gaba ba sai an sayi man zafi, da muryarki na yi tallar. Wata tsohuwa ta yi ihu daga baya, "Buasai ta dawo!" Kwalaben da muka sayar a daren sun fi na kowane dare a bana, mai kamfani har da aiko mini taba.

Saboda haka ki kwantar da hankalinki. Ba wanda ya lura ba kya nan. Ki zauna ki jira gwajinki, nan ba a buƙatarki. Ki riƙa shan ruwan citta saboda murar.

Yayanki,
Prayun

Bangkok, watan Janairu, 1973

Yaya,

Ina gaida Inna. Lafiyata lau.

Na ga takardarka, na karanta, na gane. Madalla da ba wanda ya lura. Tun ina 'yar shekara goma sha bakwai nake zaune a gefenka sauro yana cin ƙafata, ashe aikin da mai gashin baki zai koya a dare ɗaya ne. Ga mayafi nan na aiko wa Inna saboda sanyin bayan mota. Ba sai ka wahalar da kanka da amsa ba, aiki ya yi maka yawa, ga naka ga nawa.

Buasai

Phanom Phrai, watan Maris

Buasai,

Ina gaishe ki. Jikina lafiya, Inna ma jikinta da sauƙi, tana yafa mayafinki ko ana zafi. Wannan ce takardata ta uku tun bayan taki. Biyun farko wasa na cika su da shi don in sa ki dariya, kika yi shiru. Wannan babu wasa a ciki.

Na zauna na tuno abin da na rubuta miki. Na ce ba a buƙatarki ne don kada ki bar gwajinki ki taho saboda mu. Bakina a lasifika ya iya magana, a takarda jaki ne. Ki yi fushi da ni yadda kike so, amma ki karanta wannan har ƙarshe.

Inna ta ɗauka kina cikin mota. Tun daren Ban Kham abin ya fara, ban faɗa miki ba don na zaci zai wuce. Da aka tashi, mutane suna naɗe tabarmi, ta kira ni ta ce, "Prayun, me na yi wa ƙanwarka?"

Na ce, "Inna, Buasai ai tana Bangkok."

Ta ce, "Kai ma da kai za a haɗa baki? Ga ta nan ta gama yi wa ɗan iskan nan faɗa, ƙauye guda ya ji, ni ce kurma? Ni da na haife ta ban san muryarta ba?"

Na durƙusa a gabanta na yi mata muryar don ta gane ni ne. Da na sani da ban yi ba. Fuskarta ta washe, ta miƙo hannu biyu tana cewa, "'Yata, 'yata." Hannunta ya sauka a kan gashin bakina. Ta janye kamar ta taɓa garwashi, ta fara laluben bayana da gefena tana tambaya ina na ɓoye ki. Direba ya bar wurin, ya kasa kallo.

Na gwada canza wa jaruma murya, na yi mata irin ta matar mai garinmu. 'Yan kallo suka yi mini ature da ɓawon gyaɗa, wannan bai dame ni ba. Inna ce ta ce kin tafi ko sallama babu, ta juya wa abinci baya. Dole na koma muryarki.

Yanzu kullum da yamma sai ta cika ɗan kwandon shinkafa, ta sa gasasshen kifi a ganye, ta ajiye a gefenta. In an gama fim ta juya fuskarta wajen mota tana jira. Ni nake ɗauka in zagaya bayan janareta in cinye a tsaye, in dawo mata da kwandon in ce kin ci, kin gode, kin gaji kin kwanta. Shekaranjiya ta shafa cikin kwandon ta ji babu komai, ta ce, "Tana cin abincina, amma ba za ta zo in taɓa ta ba. Ka tambaye ta laifina, ko mene ne in ba ta haƙuri tun ina da rai."

Shi ke nan abin da ke akwai. In na yi muryarki tana kuka, in na daina tana kuka. Ina tsakiyar ɗaruruwan mutane kowace yamma suna dariya, ba ni da wanda zan gaya wa sai ke. Ba na so ta mutu tana ganin kin guje ta. Ban ce ki bar aikinki ba, ban kuma san me nake cewa ki yi ba.

Yayanki,
Prayun

Thonburi, watan Mayu

Yaya Prayun,

Na durƙusa ina gaida Inna. Ina gaishe ka. Murar ta tafi, amma ta bar mini dishewa.

Kamfani ya mayar da ni wata silimarsa a ƙetaren kogi tun watan Fabrairu. Mai sayar da tikiti a tsohuwar ta aiko mini cewa ina da saƙo, na ƙi zuwa, na ce ai ba a buƙatata. Sai makon jiya na je na karɓo duka ukun. Biyun farko na yi dariya a cikin bas. Ta ukun a bakin kogi na karanta, har bas ɗin komawa ya wuce ni sau biyu. Kai jaki ne a takarda, gaskiya ne, ni kuma da na ga layi ɗaya na rufe ido ga sauran ban san sunan da zan ba kaina ba.

An kira ni gwajin a watan Afrilu. Wani ɗaki ne mai bango kamar katifa, ba allo babba, ba mutane, sai wani mutum a bayan gilashi. Na yi layi uku ya ɗaga hannu. Ya ce ina da kuka mai kyau, amma harshena yana warin daddawar kifi, in je in wanke shi in dawo a watan Agusta. Tun daga nan nake wanke shi. Ina tsaye da tocila a bayan silima ina bin bakin matan Bangkok kalma kalma, har 'yan sabon ɗakinmu sun ce in sun ji ni ta bayan ƙofa ba sa gane ni.

Na nemi hutu wurin manaja. Ya ce kamfani ba ya ba mai tocila hutu, in na fita akwai 'yan mata a layi, sunana kuma zai fita daga na 'yan gwaji. Na ce ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Ya ɗauka shawara zan yi, ni kuwa albashina nake jira.

Ina zuwa farkon damina, lokacin kun koma gida. Kada ka ce wa Inna daga Bangkok zan taho, a wurinta ai ina nan. Ka ce mata kawai na huce, zan sauko daga mota.

Ƙanwarka,
Buasai

Ban Non Sawang, watan Yuni

Ƙanwata,

Muna gida lafiya. Ruwa ya sauka, mun naɗe ƙyalle, mota tana ƙarƙashin rumfa. Na faɗa wa Inna yadda kika ce. Ta sa na wanke mata gashi, ta sa an share ƙarƙashin gida, tsakanin ginshiƙan da yake tsaye a kai, sau biyu, kowa ya wuce sai ta gaya masa 'yarta ta huce. Zan jira ki a tashar Yasothon ranar Asabar. Zuciyata ta yi nauyi da gwajin nan da kika bari, amma zan yi ƙarya in na ce ban ji daɗi ba.

Prayun

Ban Non Sawang, watan Disamba

Yaya Prayun,

Ina gaishe ka, kai da direba, duk ƙauyen da wannan ta same ku. Ni lafiyata lau. Inna ƙafafunta sun ƙara kumbura tun tafiyarku, ba ta sauka daga gida, amma tana shan kunun shinkafa in na matsa mata. Daidai ka yi da ka bar ta, ba za ta iya bayan mota ba bana.

Akwai abin da duk daminar nan ban faɗa maka ba, ga ka ga ni na kasa, sai yanzu da ka yi nisa. Ranar da na dawo, ka tuna mun saɓa, kana tasha ni kuma na samu motar buhuna har bakin gari. Da ka shigo ka same ni a ƙarƙashin gida ina wanke ƙafa, na ce maka ban hau wurin Inna ba tukuna, jiranka nake. Ƙarya na yi maka. Na hau.

Na same ta zaune ta yi kwalliya, ta sa fure a gashi. Na rarrafa na kai goshina kan ƙafarta na ce, "Inna, ga ni na zo."

Ta shafa kaina ta ce, "Sannu 'yan mata. Daga asibiti aka aiko ki?"

Na ce, "Ni ce, Inna. Buasai ce."

Ta yi dariya ta ce, "Sunanku ɗaya da 'yata ke nan. Ita ma yau za ta zo. Ki zauna ki ji muryarta, ba irin taku ta birni ba ce."

Na juya harshe zuwa na gida, na yi mata maganar da muka tashi da ita. Ta saurara ta ce na yi ƙoƙari, a ina na koya? Shi ne na sauko na zauna ina ta zuba wa ƙafata ruwa. Da na ce maka ka zauna a bayana ka yi magana da muryata ni in miƙa mata hannu, ka ɗauka dabara ce na yi saboda dishewa. Na riga na gwada tawa ne ta ƙi.

Kai a ranar rufe ido ka yi kana murya, don haka ba ka ga abin da na gani ba. Da ka ce ta kan kafaɗata, "Inna, ki yafe mini," da wannan jan kalmar, sai ta kamo fuskata. Ta bi girata da yatsa, ta bi kunnena, ta nemo tabon da ke haɓata ta tsaya a kansa. Hawaye yana zuba tana cewa ba komai, ba komai, ita ce da laifi. Ta cusa mini shinkafa a baki da hannunta. Na bar aikina, na kwana a bas, na zo har cinyar uwata, ban ce mata ko kalma ɗaya ba, ina tsoron in yi tari ma in ɓata. Na yi farin ciki a ranar, Yaya, ban kuma taɓa jin kaɗaici irin nata ba.

Ban ga laifinka ba. Muryar da ka riƙe ta yarinyar da ta fara zama a gefenka ce, mai dariya ta hanci. Ni na daɗe da daina wannan dariyar, ban ma san yaushe ba. Kai ka ajiye ta, Inna kuma ita ta sani.

Duk damina mun yi ta yi mata haka da yamma, ta samu 'yarta, ta yi ƙiba har ta koma tsokanar maƙwabta. To yanzu ka tafi. Da rana ni ce yarinyar asibiti. Tana sona, ba ta taɓa yi mini tsawa ba, tana cewa uwata ta iya tarbiyya. In na yi mata wanka sai ta ba ni labarin Buasai, wai ba a taɓa yin mai murya irin tata ba daga nan har Ubon, wai tun tana ƙarama take kwaikwayon kaji da 'yan kasuwa. Ina cuɗa mata baya ina cewa, "Haka ne, Inna?"

Na gwada yin shiru in ba ta fuskata kawai. Ta shafa, ta gane, ta ce, "Kin zo? To yi mini magana mana." Na yi shiru. Ta ce, "Fushin ne ya dawo?" Ban sake gwadawa ba. Na kuma koma bayan rumbu ina kwaikwayon yadda kake kwaikwayona, har na ga kamar na samu. Da na yi mata, ta yi dariya har da tari, ta ce in bari 'yarta ta dawo ta koya mini.

Na gaya mata Buasai ta bi ka yawon majigi, ta yarda, ta ce ai aikinku ne. Amma tun jiya numfashinta ya canza, malamin asibitin gunduma ya zo ya duba ta, ya kira ni gefe ya ce a sanar da 'yan uwa. Ba ta tambayar kowa, ko kai ba ta tambaya. In ta farka sai ta riƙe hannuna ta ce, "'Yan mata, leƙa hanya ki gani ko motar ta shigo."

Na san mai kamfani zai yi faɗa, na san kun karɓi ƙauyuka har ƙarshen wata. Ka naɗe ƙyallen ka taho, Yaya. Inna tana nemana.

Ƙanwarka,
Buasai